Tarihin Ajiya A Gidan Bahaushe: Daga Rumbu Da Adudu Zuwa Jakar Ghana-Must-Go



Duk wanda ya saba shiga ɗakunan da yawancinmu ke haya a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ko Sabon Shagamu ya san abin da za mu yi magana a kai. Ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, amma kayan da ke ciki sun isa gida guda. Ƙarƙashin gado a cike, saman sif a cike, bayan ƙofa an jingine jakunkuna, kuloli da robobi sun hau kan juna har sun kusa taɓo silin. Wurin shimfiɗa darduma ma sai an ture wani abu. Mukan ɗora laifin a kan ƙuncin ɗaki da tsadar haya, kuma akwai gaskiya a ciki. To amma iyayenmu da suka fara zama a ƙasar nan sun zauna a ɗakunan da ba su fi namu girma ba, ga baƙi kullum, ga kayan fatauci, kuma suna da tsarin da suke bi. Idan muka bi tarihin wannan tsari za mu tarar da abu guda yana maimaita kansa: duk abin da Bahaushen da ya ajiye, ya san ranar da zai fitar da shi.

RUMBU DA ƊAKIN UWAR GIDA

Uban ajiya a ƙasar Hausa shi ne rumbu. Akwai na zana da kara, akwai na laka wanda a wasu wurare ake kira rufewa ko rahoniya. Ba a dasa rumbu a ƙasa kai tsaye. A kan duwatsu ake ɗora shi, don kada damshi da gara su kai ga hatsi, kaji kuma su samu inuwa a ƙarƙashi suna tsince ƙwari. A sa masa jinka a ka saboda ruwan sama. Gero da dawa da zangarniyarsu ake zuba su, domin hatsin da ba a sussuke ba ya fi jure ajiya. Wake kuwa, da yake ƙwari sun fi son sa, akan cakuɗa shi da toka ko yashi kafin a rufe.

Abin lura shi ne rumbu yana da kalanda. Da kaka a fitar da zakka, a cika shi, a rufe. A gidaje da yawa babban rumbun gandu ba a taɓa shi sai damina ta faɗi aikin gona ya kankama, lokacin da abinci ke tsada kuma ake bukatar ciyar da masu noma. Kafin sabon hatsi ya shigo, sai an kwashe tsohon, an share, an yaɓe tsaga. Ba a zuba sabo a kan tsoho a bar shi ya ruɓe a ƙasa. Da Hausawa suka ce ajiya maganin wata rana, sun san wace rana suke nufi.

A cikin ɗakin uwar gida ma haka tsarin yake. Ƙasa ta mutane ce, kaya kuma su hau sama. Ragaya tana rataye da ƙwaryar nono ko sauran tuwo, inda ɓera da kyanwa da yara ba za su kai ba. Fitila tana cikin alkuki, ramin da magini ya bari a jikin bango tun ranar gini. Tufafin adana suna cikin adudu mai murfi, na sawa kullum kuma a kan igiya. Ƙoƙo ya shiga ƙwarya, ƙwarya ta shiga masaki, a ɗora faifai a rufe, abu uku ko huɗu sun ci wurin abu ɗaya. Tabarma da gari ya waye a naɗe ta a jingine. Shi kansa lefe, wanda yau ya zama jerin akwatuna, asalinsa sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba. A cikinsa ake zuba tufafin da za a kai gidan amarya, har sunan mazubi ya koma sunan kayan.

KAYAN FATAKE DA HUHUN GORO

Mu da muke zaune a Kudu, gadonmu na kusa shi ne na fatake. Tun kafin zuwan Turawa ayarin Hausawa ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su kai tufafi da kanwa da fatu kasuwar Salaga su sayo goro. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, da jakuna da 'yan alaro. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya ba ya ɗaukar abin da ba shi da aiki. Kowane kaya da mazubinsa: taiki na hatsi, salka ta ruwa, gafaka ta littafi, zabira ta ƙananan kaya, tandu na mai. Mangala kuma dole ɓangarorinta biyu su yi daidai, in ba haka ba kaya su zame, jaki ya ji ciwo, ayari ya tsaya.

Goro ne ya koya wa fatake darasi mafi tsauri. Ɗanyen abu ne, ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Ana jera shi cikin huhu, a lulluɓe da faffaɗan ganye, a ɗaure tam. Amma ɗaurewar ba ita ce ƙarshen aiki ba. Lokaci-lokaci sai an kwance huhun, an bi goron ɗaya bayan ɗaya, an tsince mai sankara, an sauya ganyen da ya bushe, sannan a sake ɗaurewa. Wanda ya yi ƙyuya ya bar huhu a rufe, goro ɗaya zai ɓata masa ɗari. Har gobe haka 'yan goro ke yi a Shagamu da Agege, duk wanda ya leƙa rumfunansu zai gani.

Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, ga shi kuma an shiga noman goro sosai a ƙasar Yarabawa, sai harkar ta juyo nan. Shanu su gangaro, goro ya haura. A 1916 aka kafa Sabon Ibadan. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda kasuwancin ya dogara a kan masu gida. Mai gida shi ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Wato ajiya sana'a ce a Sabo, kuma amana ce. Ɗakin da baƙo ya kwana yau, jibi wani ne a ciki. Gidan da aka cika shi da tarkace ba shi da wurin sauke baƙo, kuma mai gidan da baƙi suka daina sauka wurinsa ya fita daga kasuwa.

Wannan cuɗanya da mutanen Kudu ta bar alama har a bakinmu. Kalmar akwati daga Yarabanci muka same ta, su suna cewa apoti. Kwali daga paali ne, kwano kuma daga paanu. Harafin da Yarabawa ke rubutawa "p" suna furta shi kamar "kp", kunnen Bahaushe ya mayar da shi "kw". Adaka kuwa, babban akwatin nan na kakanninmu, har yau sunan akwati ke nan a harshen Asante na Gana. Akwati da kwali da kwano da adaka, mazubai huɗu ke nan, kuma duk ta hanyar fatauci sunayensu suka shigo mana.

JERE: BANKIN MATA

A nan ne tarihin ya fi daɗi, a nan ne kuma tushen matsalarmu ta yau yake. Jere tsohuwar al'ada ce. Kafin a kai amarya, 'yan uwanta mata su je su shirya mata ɗaki, su jera kayan da iyayenta suka tara mata. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin bukukuwan aure na zamaninta da irin kayan da ake raka amarya da su. Da farko ƙore ne masu zane da akusa da tukwane da faifai. Masu hali su ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su.

Daga baya kwanukan fenti suka shigo, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga Turai da Hong Kong. Wajen lokacin samun 'yancin kai sai 'yan kasuwar Sin suka kafa masana'antun yin su a Legas da Kano, suna buga musu furanni da launukan da matanmu ke so. Nan aka shiga zamanin langa da fanteka da samira da kwalla. A ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarami, a kan kanta ko cikin kabad, sahu-sahu har rufin ɗaki. Yawancinsu ba a taɓa zuba abinci a ciki ba.

Wanda bai san al'adar ba zai ce wannan ai shi ne tara tarkace. Amma uwayenmu lissafi suke yi. Kayan ɗaki mallakar mace ne, miji ba shi da iko da su. Malaman fikihun Malikiyya ma sun yi bayani cewa idan miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a al'ada ita ake bai wa, bayan ta yi rantsuwa. Macen da ke cikin kulle, ba ta da asusun banki, tana sana'ar fura ko ƙuli-ƙuli ko ƙosai, in ta kwashi adashi sai ta sayi kwano. Kwano ba ya ruɓewa, ba a ranta shi da sauƙi kamar tsabar kuɗi, kuma kowa na ganin sa, ba mai ɗauke shi a ɓoye. Idan rashin lafiya ta zo ko wata lalura, ta ba dillaliya saiti ɗaya ta sayar mata. Idan aure ya mutu, ta kwashe kayanta ta tafi da jarinta.

Babbar ƙofar fitar jere kuwa ita ce auren 'ya. Tun yarinya na goye uwa ke tara mata. Ranar da za a kai ta ɗakinta, kantar uwa ta ragu, ta 'ya ta cika. Shi ya sa tsohuwar da ta aurar da 'ya'yanta duka za ka tarar ɗakinta fayau: gado, adaka, buta, darduma, sai 'yan kwanukan amfani. Jere ma rumbu ne, ana cika shi shekara da shekaru don ranar da za a buɗe.

INDA LISSAFIN YA CANJA

Kuɗin mai na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, sun sa kayan gida sun yawaita a hannun jama'a. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ba gadon katako wuri, kabad mai gilashi ya shigo da tangaran, kujerun kushin suka cinye falo. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sai roba da gwanjo suka zama abin da talaka ke iya saya. Daga baya kayan Sin masu araha suka cika kasuwa. Mu a nan Kudu muka ƙara da wata al'ada da muka tarar wurin maƙwabtanmu, ta raba kyautar roba a biki: bokiti, baho, kofi, kula, kowanne da hoton ango da amarya. Matar da ta je biki goma a shekara ta dawo da roba goma.

Al'adar tarawa ta ci gaba yadda take, kayan ne suka canja hali. Kwanon fenti na da, bayan shekara ashirin yana da mai saye. Roba in ta sha rana ta ƙeƙashe. Katakon garin katako da ake yin sif da gado da shi yanzu, damina ɗaya ta Legas ta isa ta kumbura shi. Ga yayi yana saurin wucewa: abin da uwa ta saya wa 'yarta tana firamare, kafin ta isa aure an daina yayinsa, kuma amaryar yau ba za ta yarda a jera mata tsohon yayi ba. Sai kaya suka rasa ƙofar fita. Ba a sayarwa don ba mai saye da daraja, ba a bai wa 'ya don ba ta so, ba a zubarwa don da kuɗi aka saya.

Jakar da ke ɗauke da wannan nauyi a gidajenmu ita ma tana da nata tarihin. A watan Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar Najeriya. 'Yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, da yawansu da kayansu cikin jakar leda mai zanen dara, daga nan ta samu sunan Ghana-Must-Go. Kafin wannan, a ƙarshen 1969, gwamnatin Busia ta Gana ta yi irin wannan kora, kuma akwai Hausawan zango cikin waɗanda suka dawo. Jaka ce ta gudun hijira, an san ta da ɗaukar kaya na 'yan kwanaki. Mu muka mayar da ita ma'ajiyar dindindin. Tana da araha, tana cin kaya da yawa, in an ja zif ba a ganin abin da ke ciki, kuma abin da ido bai gani ba zuciya kan manta da shi.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da mu mazauna Kudu. An ce baƙo raɓa ne, kuma da wannan tunanin da yawanmu muke zaune. "Wannan na gida ne, in mun tashi komawa za mu tafi da shi." A ɗaure atamfa da shadda da tukwane a tura ƙarƙashin gado. Shekara talatin ta wuce, 'ya'ya sun girma suna jin Yarabanci kamar Hausa, jaka na nan inda take. Ƙasar nan kuwa ba Kano ba ce, inda iskar hunturu ke busar da komai. A nan ruwa ya fi wata shida yana sauka, iska da laima take. Ranar da aka buɗe jakar sai a tarar fumfuna ta ci zani, tsatsa ta ci tukunya, kyankyaso ya yi gida.

Lamarin ya wuce na kyan gani. Ɗakin da ya cika da leda da katifa da tufafi, ga risho ko tukunyar gas a bakin ƙofa, ga man janareta, in wuta ta kama ba ta jira. In ambaliya ta shigo, abin da ke ƙasa shi ke fara tafiya. Kuma ba mu manta da abin da ya faru a Shagamu a 1999 ba, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, inda mutane suka bar muhallinsu cikin gaggawa. Allah kada Ya maimaita mana. A irin wannan sa'a, wanda takardunsa ke wuri ɗaya ya ɗauka ya fita. Wanda nasa ke warwatse cikin jaka bakwai sai ya fita hannu rabbana.

ABIN DA ZA MU IYA ƊAUKA

Ba rumbu za mu gina a gidan haya ba, amma dabarunsa suna shiga ɗaki ɗaya. Kada buhun shinkafa ko jakar tufafi su zauna a kan siminti. A ɗora su a kan katako ko bulo, a ɗan janye su daga bango iska ta ratsa. A koma ga hikimar ragaya: ƙusa da kanta a bango, in mai gida ya yarda, sun fi sabuwar durowa da za ta cinye filin sallah. Tukwane da robobi a sa ƙarami cikin babba yadda ake yi wa ƙore, wanda ya rasa murfi ko ya tsage a sallame shi.

A ɗauki ɗabi'ar 'yan goro, a sa wa ajiya ranar buɗewa. Sau biyu a shekara ya isa: kafin azumi, da kuma lokacin da ruwa ya ɗauke. A zazzage kowace jaka, a shanya, a tsince. Tufafin da Sallah biyu ta wuce ba a sa ba, akwai mai bukatarsa a cikin unguwa, ga marayu, ga 'yan uwa da ke isowa daga gida ba su da na canji. Ƙarfe da tsohuwar roba kuwa, 'yan gwangwan da ke yawo da kura a titunan nan yawancinsu yaranmu ne, za su saya su biya. Abin da aka ce na gida ne, a ba motar da ke tafiya Arewa ta kai shi gidan tun yana da amfani.

Takardun haihuwa, na makaranta, katin ɗan ƙasa, rasit na haya da na rumfa, takardar fili, a haɗa su cikin leda a sa a ƙaramin akwatin ƙarfe ɗaya, a ajiye a sama kusa da ƙofa, kuma kowane babba a gidan ya san inda yake.

Sai maganar iyayen amarya, wadda ita ce mafi nauyi. Kafin a je kasuwa, a je a auna ɗakin da za a kai yarinya. Muna ganin yadda ake sayen kayan gida guda a kai ɗaki ɗaya, rabi ya ƙare a baranda ruwa na duka, ko a bar shi gidan uwa ya ƙara mata cunkoso. Manufar jere tun asali ita ce 'ya ta shiga gidan miji da abin hannunta wanda zai tsaya mata ranar tsanani. Kwanon fenti ya yi wannan aikin a zamaninsa. Yau abin da zai yi shi ya fi kama da 'yan kunnen zinariya, ko keken ɗinki, ko jarin sana'a, ko kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunanta. Uwar da ta rage saitin kula biyar ta saya wa 'yarta ɗaya daga cikin waɗannan, al'adar kakanninta ta bi.

Muna roƙon matasanmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin ragaya ko adudu ba, su zauna da dattawan unguwa su tambaye su sunayen waɗannan kaya da yadda ake amfani da su, tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wurin zama a ƙasar nan, Ya yalwata mana muhalli, Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.